Sirdin Babur Ya Yage: A Kai Wa Mai Ɗinki Ko A Sayi Sabo?

A duk sassan babur, sirdi ne ke shan rana daga sama yana kuma ɗaukar nauyin mutum a lokaci guda. Inji yana da baƙin man da ake canza masa, taya tana da lokacin da kowa ya san za ta suɗe, amma sirdi ba a tunawa da shi sai ranar da ledarsa ta tsage. Tsagar takan fara daga gefe, inda cinyar mai tuƙi ke gugar ɗinki, ko daga gaba kusa da tanki, inda fetur ke ɗiga idan an cika ya yi ambaliya. Da farko 'yar siririya ce, mai babur ya manna mata salatif ya ci gaba da harkarsa. Rana ta narkar da gam ɗin, salatif ya zame ya bar danƙo a wandon duk wanda ya hau. Kafin damina ta yi nisa soso ya leƙo, ya sha ruwa ya ƙoshi, fasinjan da ya hau da farar shadda ranar Juma'a ya sauka da tambarin jiƙa a bayan rigarsa. A nan dole take kama mai babur: ko ya kai wa mai ɗinki a sake masa leda, ko ya kwance ya yar ya sayi sabo.

Tambayar ba ta da girma a ido, amma ta raba masu babur gida biyu, kowane gida kuma da abin da ya gani da idonsa. Ana yin gardamar a rumfar bakanike da bakin tasha, tun daga 'yan acaɓan garuruwan Kano da Jigawa har 'yan kabu-kabun Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Ko a birnin Kano, inda gwamnati ta hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, babur bai ɓace ba. Malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa da mai kai saƙo, shi ne ƙafarsu. A karkara kuwa Bajaj Boxer ɗin nan na Indiya shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne aljihu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Nijeriya, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haye 1,500 a farkon 2024. Yawancin kayan gyaran babur kuwa daga Indiya da Sin suke zuwa, su biyo ta Legas ko kasuwar Nkwo ta Nnewi kafin su iso Arewa. Mutumin da a da zai shiga shago ya ɗauki sabon sirdi bai ko taya ba, yanzu sai ya tsaya ya yi lissafi.

Abin da masu gyara ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce sirdi abu uku ne aka haɗa. Akwai farantin ƙasa, na ƙarfe ko na roba mai tauri, wanda ake ɗaurewa a jikin babur. Akwai soso a kansa. Akwai leda da ta lulluɓe soson. A cikin ukun nan leda ce ke fara mutuwa, domin ita ke tsaye tsakanin sirdi da rana. Zafin bazara, wanda a Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40, yana tsotse sinadarin da ke sa ta laushi, bushewar hunturu ta ƙarasa ta, sai ta yi tauri ta fara tsattsagewa. Faranti kuwa, in bai sha ruwa ba, yana iya kai wa har ranar da injin kansa zai gaji. Don haka suke cewa wanda ya yar da sirdi saboda leda tamkar wanda ya rushe ɗaki ne don rufinsa na yoyo.

Aikin kansa ba asiri ba ne, a fili ake yin sa, a gefen kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, da kusan kowane gari mai tashar babura. Mai ɗinki zai kifa sirdin a cinyarsa ya bi da sukundireba yana ɓanɓare 'ya'yan sitefila ɗaya bayan ɗaya. Idan tsohon faranti ne na ƙarfe, irin na Honda CG125 na da, ƙananan haƙora ne a gefensa suke riƙe da leda, sai ya miƙe su a hankali don kada su karye. Ba ya yage tsohuwar ledar ya yar. Farke ɗinkinta yake yi ya shimfiɗa ta a kan sabuwa, ya zana da alli, ya bar 'yar rara ta ja. Daga nan ya duba soso. Inda ya rarake sai ya yanke wurin ya yi masa kusurwa huɗu, ya yanko sabon yanki daidai ramin, ya shafa gam a fuska biyu, ya jira har gam ɗin ya daina bin yatsa kafin ya haɗa. Ya sassaƙe tudun da ruwan zarto, ya goge da sanfefa har hannu ya daina jin inda aka yi faci. Mai sanin aiki yakan lulluɓe soson da siririyar leda kafin ya ɗora ta sama, saboda ruwan da zai bi ramin allura. Sabuwar ledar kuma sai an ɗan shanya ta a rana ta yi laushi. Sannan ya fara ja daga hancin sirdin ya kafe, ya koma baya ya ja ya kafe, ya bi gefe biyu daga tsakiya yana korar tattara zuwa ƙasa inda ido ba ya gani. In babu layi, mutum yana zaune a benci za a gama a miƙo masa.

Masu gyara suka ce a duba abin da aka kashe: ɗan yankin leda da bai kai yadi ɗaya ba, guntun soso, gam, zare, da ladan hannu. Idan leda kawai aka canza, kuɗin bai kama ƙafar na sabon sirdi mai kyau ba. Ga mai tuƙin da zai biya mai babur balas da yamma, ya zuba man gobe, ya kai cefane gida, wannan bambancin shi ne maganar gaba ɗaya. Akwai kuma abin da shago ba ya yi: mai ɗinki yana karɓar rabi yau, rabi ranar kasuwa, saboda ya san mutum ya san gidansu.

Amsar masu sayen sabo

Waɗannan ba su musa cewa gyara ya fi sauƙi a ranar farko ba. Abin da suke tambaya shi ne sau nawa za a yi shi. Araha ba ta ado, in ji su, kuma ledar da ke hannun yawancin masu ɗinki ba ta babur ba ce. Ta kujerar falo ce, wadda aka yi don zaman inuwa. A shago tana ƙyalli, tana da taushi a hannu, amma ba a yi ta don ta wuni a rana ta kwana a raɓa ba. Bazara ɗaya ta ishe ta ta fara ɓarewa, fatar sama ta rabu da yadin da ke ƙarƙashinta. Sai a koma a sake biya. Wanda ya yi haka sau uku, ya haɗa da wunin aikin da ya rasa kowane zuwa, ya biya kuɗin sabo bai taɓa zama a kan sabo ba.

Sun fi ƙarfi a kan maganar soso. Soson da ya zo daga kamfani a cikin mazubi aka zuba shi, ya fito da siffar sirdin, da tauri wanda aka auna don ɗaukar mutum a kan hanya mai gargada. Wanda mai ɗinki zai sa, sau da yawa ragowar soson katifa ne ko na matashin kujera. Katifa an yi ta ne don nauyin mutum ya bazu a kanta tun daga kai har ƙafa. A kan babur kuwa nauyin duka yana taruwa ne a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. Soso mai laushi yana da daɗi a minti goman farko, daga nan ya lotse, mai tuƙi ya koma zaune a kan faranti, kowane rami ya faɗa sai ya ji shi a ƙashin baya. Mutumin da ke wuni a kan babur tun asuba har isha, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ciwon ƙugu da sagewar ƙafa ƙorafi ne da duk wanda ya zauna da masu wannan sana'a ya saba ji, kuma kuɗin maganin zafi ba a saka shi a lissafin ranar da aka yi ɗinki.

Sai ɗinki. Sirduna da yawa na kamfani ledarsu guda ce, ko kuma da zafi aka manne gaɓoɓinta, babu ramin allura a inda ruwa ke kwanciya. Mai ɗinki kuwa da keke yake aiki, kuma in ledarsa ba ta miƙewa sosai dole ya yanka ta gida-gida ya haɗa. Kowane ɗinki layin ramuka ne. Wanda ya tsallake siririyar ledar nan ta ciki, don sauri ko don rage kashe kuɗi, ya bar wa ruwa ƙofa. Soso ya jiƙa a ɓoye, sama a bushe, ƙasa tana cin ƙarfe. Mai babur yana ganin sirdinsa fes, bai san tsatsa tana aikinta ba.

Masu gyara suka ce: wane sabon?

Nan ne suke da maganar da ke da wuyar turewa. Duk abin da aka faɗa game da soson kamfani da ledar kamfani gaskiya ne, amma game da sirdin da ya zo tare da babur. Wanda ke rataye a shagon kayan gyara fa? Kasuwar nan hawa-hawa ce. Akwai na asali, yana da tsada, kuma ba kowane gari ake samun sa ba. Akwai na biye da shi. Akwai kuma jabu, wanda aka kwaikwayi siffa da tambari, shi ne ya fi yawa, shi ne kuma wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. In ka ɗaga shi za ka ji ba nauyi. Robar farantinsa sirara ce, tana lanƙwasa a hannu. Ramukan noti ba sa zama daidai, sai bakanike ya faɗaɗa ko ya ɗaure da waya. Sosonsa bai fi na katifar da ake zagi ba. Wanda ya yar da farantin da ya zo da babur ɗinsa ya ɗauki wannan, ya ba da mai kyau ne ya karɓi maras kyau, ya kuma cika kuɗi.

Suka ƙara da cewa soso mai kyau yana nan ga wanda ya nema. Akwai mai tauri wanda ake yi da gutsattsarin soso da aka matse wuri ɗaya, ana gane shi da launinsa barkatai da kuma nauyinsa. In aka sa shi a ƙasa aka ɗora siririn mai laushi a sama, sirdin zai ɗauki nauyi bai lotse ba. Leda ma hawa-hawa ce. Mai kauri, mai saƙa a bayanta, wadda ke miƙewa ta kowane ɓangare, tana nan a wurin masu sayar da kayan kujerun mota. Matsalar ita ce mai babur yakan zo da kuɗinsa a dunƙule ya ce a yi masa mafi araha. Mai ɗinki ya ce, "Maigida, wannan ba za ta kai maka damina biyu ba, ƙara kaɗan in sa maka waccan." Shi kuma ya ce, "Malam, sa min wannan ɗin dai, Allah Ya kai mu lokacin." In ta yage kuma sunan mai ɗinki ne zai ɓaci a tasha.

Akwai abin da gyara ke bayarwa wanda ko na asali ba ya bayarwa. Kamfani ya auna sirdinsa ne da matsakaicin mutum. Gajere, wanda yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa in ya tsaya, mai ɗinki zai rage masa tudu ya sirantar da gaban sirdin har ƙafarsa ta zauna daram. Dogo a ƙara masa. Mai yawan tafiya mai nisa a faɗaɗa masa wurin zama. Wannan dama ce ta gaske, kuma ni ina ganin masu sayen sabo ba su cika ba ta haƙƙinta ba.

Masu sabo suka koma kan lafiyar hanya

Damar nan ta sauya siffa, in ji su, ita ce kuma haɗarin. Ba don ado aka yi wa sirdi kwari da tudu ba. Siffarsa ce ke riƙe mai tuƙi kada ya zame ya bugi tanki in ya taka birki da ƙarfi, ita ke hana na baya turo shi gaba. In mai ɗinki ya baje shi sumul, ya ɗora leda mai santsi don ta fi ƙyalli, to a ranar ruwa ko a gangare za a gane bambanci. Wasu kuma sukan sa a ƙara soso har ya hau kan kariya, a tsawaita sirdin ya ɗauki mutum uku ko huɗu. Nauyi ya koma bayan tayar baya, gaba ya yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. Duk wanda ya bi hanyar ƙauye ranar kasuwa ya ga irin wannan lodin. Sabon sirdi aƙalla yana mayar da babur yadda aka ƙera shi.

Masu gyara sukan amsa cewa wannan laifin mai babur ne, wanda ya nemi a yi masa haka, kuma mai son lodin mutum huɗu ko da sabon sirdi zai ɗaure matashi a kan kariya. Amsar tana da gaskiya, sai dai ba ta kawar da batun leda mai santsi ba, domin wannan zaɓin sau da yawa a hannun mai ɗinki yake.

Sai faranti. Ƙarfen da tsatsa ta huda, ko robar da ta tsage a kunnen da noti ke kamawa, babu ledar da za ta gyara shi. Mai ɗinkin da ba ya son ciniki ya kuɓuce masa yana iya rufewa ya yi shiru. Sirdin da ke motsi a ƙarƙashin mutum a tsakiyar kwana abin tsoro ne. A wannan gaɓar ban taɓa jin mai gyara na kirki ya ja ba.

Masu sabo suna kuma kawo maganar sayarwa. Mai sayen babur na hannu yana kallon sirdi kamar yadda yake sauraron inji, in ya ga ɗinkin bakin hanya sai ya ɗauka babur ya sha wuya ya rage tayi. Masu gyara suka ce dillalai da kansu ɗinki suke kaiwa kafin su fitar da babur kasuwa. Wannan hujjar kowa ya ja ta ɓangarensa, ba ta da nauyin da za ta raba gardama.

Sana'a da shara

Akwai wata hujja ta masu gyara da ba ta shafi aljihun mai babur kai tsaye ba. Kuɗin ɗinki, ban da na leda da soso, a unguwa yake tsayawa: ya shiga hannun mai shago, ya ba yaransa na abinci, yaran su koyi sana'a. Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan aikin ba ce. Dukawan Kano sun daɗe suna yi wa sirdin doki ado, fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa ta ratsa Sahara tun ƙarnoni har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ba wai fata ce ta dace da babur ba, domin ruwa da rana suna lalata ta in ba a kula da ita kullum, ga tsada. Amma hannun da ya iya auna abu ya yanka ya ɗinka ya ja ya zauna daidai, gado ne da bai kamata a bari jabun kaya su kashe shi ba. Sannan sirdin da aka yar ba ya ruɓewa. Ko ya toshe kwata, ko a cinna masa wuta a bola, hayaƙin soso da leda kuwa guba ne ga duk wanda ya shaƙa.

Masu sabo ba su ƙaryata ko ɗaya ba. Sun ce dai mai shagon kayan gyara shi ma ɗan unguwa ne mai iyali, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa talaka mai babur nauyin raya sana'ar wani da ƙashin bayansa. In aikin mai ɗinki ya yi kyau, mutane za su zo ba tare da an yi musu wa'azi ba.

A tsakanin ɓangarorin biyu akwai masu bin wasu hanyoyi. Wasu sukan sayi rigar sirdi da aka riga aka ɗinka su ɗora a kan yagaggen. Tana rufe ido, tana kare sirdin da bai riga ya yage ba, amma a kan jiƙaƙƙen soso ɓoye ciwo kawai take yi. Wasu sukan nemi na asali na hannu, wanda aka cire daga babur da ya yi haɗari ko ya mutu. Wannan dabara ce mai kyau in an san inda kayan ya fito, domin satar babur ta yi yawa, kuma a irin wannan kasuwar ake sayar da sassansa. Wasu kuma sukan ce za su yi da kansu a gida. Ana iyawa, in akwai babbar sitefila irin ta masu kujera, domin ta ofis ba ta huda robar faranti. 'Ya'yanta su zama gajeru, kamar milimita 6, kada su ɓullo ta cikin soso. Gam ɗin kuma a shafa shi a fili nesa da wuta. Sai dai wanda bai saba ba yakan ɓata ledar farko wajen ja, ribar da ya so ci ta tafi a nan.

In aka tace

Da aka saurari kowa, sai a ga yawancin gardamar a kan leda ake yin ta, alhali hukuncin yana ƙarƙashinta. Kafin a yanke shawara akwai dubawa biyu da ba sa cin ko kwabo. A kwance sirdin a kifa shi a kalli faranti: akwai huda, akwai tsaga kusa da noti, yana lanƙwasa in an murɗa? Sannan a danna soso da dunƙulen hannu a inda mai tuƙi ke zama. In ya turo hannu ya dawo nan take, yana da rai. In hannu ya isa faranti, ko soson yana marmashewa kamar gari, ko yana warin ruma, ya gama.

In faranti lafiya, soso lafiya, leda ce kawai ta tsage, masu gyara ne da gaskiya, kuma da wuya a sami hujjar da za ta kayar da su. Sharaɗin shi ne a je da wuri, tun ruwa bai shiga ba, a kuma biya kuɗin leda mai kauri maras santsi, a tsaya a ga an sa siririyar ledar nan ta ciki. In faranti ya huje ko ya karye, masu sabo ne da gaskiya, ko da kuwa na hannu za a nema.

Wurin da maganar ta ƙi yankuwa shi ne na tsakiya, kuma shi ya fi yawa: faranti lafiya, soso ya mutu. A nan kuɗin gyara yana hawa, domin soso mai kyau ba shi da araha, kuma sassaƙa shi ya dace da faranti aiki ne na gwani. Tazarar da ke tsakaninsa da sabo tana raguwa. Hankalina ya fi karkata ga riƙe farantin asali a gina a kansa, saboda na fi amincewa da abin da aka buɗe a gabana na ga cikinsa fiye da abin da ke rufe a leda a shago. Amma wannan karkatar ta dogara ne kacokan ga samun mai ɗinkin da ya san soso, ba kowane gari ke da shi ba. Mutumin da ke kusa da dilan Bajaj ko TVS na gaskiya, yana da kuɗin a hannu, yana kuma wuni a kan hanya, in ya zaɓi na asali ba zan ce ya yi kuskure ba.

Akwai kuma abin da ke juya ra'ayin mutane wanda ba su cika faɗa ba, wato wa zai biya, wa zai zauna. Mai babur da ya ba yaro yana kawo masa balas yakan ga gyara mafi araha ya wadatar, tunda ba shi ke hawa ba. Yaron da ke hawa yakan so sabo, tunda ba shi zai biya ba. Wanda ke biyan babur kaɗan-kaɗan har ya zama nasa yana tsakiya, yana son abin da zai daɗe amma kuɗin wannan makon na mai kaya ne. Da yawa daga cikin masu ɗaga murya a tasha matsayinsu suke karewa, kuma mutum ɗaya yana iya sauya ɓangare ranar da ya gama biya. Farashi ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Leda da sinadaran soso su ma da dala ake shigo da yawancinsu, don haka duk motsin da naira ta yi yana taɓa mai ɗinki yana taɓa mai shago, ba kuma daidai wa daida ba. Lissafin da ya ba gyara nasara a bara sai an sake shi bana, da farashin garin da mutum yake.